Yadda za ka san manyan hamadun duniya har ka zana su da ka

Ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma duk shekara idan aka zo darasin hamada abu ɗaya nake gani. Yaro zai jera sunaye goma a bangon littafinsa, ya kwana yana bitarsu, ya juye a takardar jarrabawa, bayan sati biyu ka tambaye shi ina Gobi take ya ce maka tana kusa da Masar. Ba laifinsa ba ne, suna kawai aka ba shi babu dalili. Hanyar da zan nuna maka ta ɗan fi cin lokaci, amma abin da ka koya da ita ba ya zubewa da wuri. Kowace hamada akwai abin da ya hana ta ruwa, kuma waɗannan dalilai ba su wuce biyar ba. Wanda ya riƙe su, ko an ba shi taswira babu rubutu a kanta, zai ɗora yatsa ya ce nan dole a sami hamada, kuma ya dace.

Kayan aikin ba su da yawa: farar takarda mai faɗi, fensir, rula, guntun zare, da fensir mai kala guda uku, ja da shuɗi da ruwan ƙasa. Sai littafin taswira, ko waya mai Google Earth. In makarantarku na da taswirar duniya mai siffar ƙwallo, roƙi malami ya fito da ita daga ofis, don ta fi duk wata taswirar bango faɗin gaskiya.

Fara da rula

Abin da ya sa ake kiran wuri hamada ƙarancin ruwan sama ne. Zafi da rairayi da raƙuma duk suna iya kasancewa, suna iya rashin kasancewa. Ma'aunin da yawancin littattafai ke amfani da shi shi ne milimita 250 a shekara: duk ƙasar da ruwan da take samu daga sama bai kai haka ba, hamada ce.

Kada ka bar wannan lamba a takarda. Ɗauki rula ka auna santimita 25 a jikin bokiti daga gindi, ka yi alama da alli. Da za a ajiye mazubi mai miƙaƙƙen gefe a fili shekara guda, ruwan bai ƙafe ba, bai tsiyaye ba, to a hamada ba zai kai wannan alama ba. Yanzu bi hanya daga kudu zuwa arewa ka ga yadda ruwan ke janyewa. Legas na samun sama da milimita 1,500. Kano wajen 800. Damagaram wajen 400. Agadas ɗan sama da 100. Bilma ko 20 ba ta kaiwa, wato ruwan shekara guda cur ba zai rufe gaɓar farko ta yatsanka ba. Tsakanin Damagaram da Agadas ka tsallake alamar allin nan, kuma a nan ne ka shiga Sahara.

Da wannan ma'auni za ka gane abin da ke ba ɗalibai mamaki kullum, cewa hamadar da ta fi kowace girma a duniya ita ce Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudu. Faɗinta wajen murabba'in kilomita miliyan 14. Iska mai tsananin sanyi ba ta iya ɗaukar tururin ruwa sai kaɗan, shi ya sa a tsakiyar nahiyar abin da ke sauka a shekara bai fi milimita 50 ba in an narkar da shi. Ƙanƙarar da ta lulluɓe ta, mai kaurin kusan kilomita 2 a matsakaici, ta taru ne a hankali cikin dubban shekaru saboda ba ta narkewa. A can ne, a tashar Vostok, aka auna sanyin digiri 89.2 ƙasa da sifili a watan Yulin 1983. Ta biyu ita ce hamadar Aktik a ƙarshen arewa, wadda ta haɗa arewacin Kanada da Girinlan da arewacin Rasha da Alaska, kuma girmanta ya kusa na Antaktika. Shafa wa waɗannan biyu shuɗi a taswirar da za ka zana. Ka riga ka sami dalili na farko, wato sanyi. Sahara ta uku ce a jeri, amma ita ce babba a cikin masu zafi. In tambayar jarrabawa ta ce "mafi girma a duniya" ko ta ce "mafi girma mai zafi", amsoshin biyu daban ne, kuma nan ake yawan zubar da maki.

Auna su da ƙasar da ka sani

Miliyoyin murabba'in kilomita ba sa zama a kai. Abin da ke zama shi ne a auna da abin da mutum ya sani. Faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne, na Nijar kuma 1,267,000. Da waɗannan biyu za ka auna kusan kowace.

Sahara miliyan 9.2 ce, wato Najeriya goma. Antaktika Najeriya goma sha biyar. Hamadar Larabawa miliyan 2.3, Najeriya biyu da rabi. Gobi wajen miliyan 1.3, kusan daidai da Nijar. Kalahari wajen 900,000, kusan daidai da Najeriya. Daga nan sai Patagoniya mai wajen 670,000, hamadar Sham da Great Basin ta Amurka kowace wajen rabin miliyan, sannan Great Victoria ta Ostareliya mai wajen 350,000. Lura da tazarar da ke tsakanin ta uku da ta huɗu: Sahara ta ninka hamadar Larabawa sau huɗu. In ka ga littattafai biyu sun saɓa a lamba kada ka damu, domin hamada ba ta da shinge, kowane mai aunawa da inda ya ja layinsa. Riƙe jerin da kimanin girman ya ishe ka.

Sai dai ka yi hattara da taswirar bango da aka saba gani a aji. Yawancinsu sun bi tsarin da Mercator ya fitar a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa, kuma wannan tsari yana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya. A kanta Girinlan kan yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Nan zaren zai yi maka aiki. A kan taswira mai siffar ƙwallo, ɗora shi daga gaɓar Muritaniya zuwa Bahar Maliya, ka riƙe tsawon da farce. Wannan sama da kilomita 5,000 ke nan, tsawon Sahara. Ɗauki zaren ka shimfiɗa shi a kan Amurka daga teku zuwa teku, za ka ga ya rufe ta. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba ya sake raina girman Sahara.

Layuka uku

Yanzu zana nahiyoyi a takardarka. Ba sai sun yi kyau ba, siffa kawai. Ja layi a tsakiya, shi ne ikwaita. Ja wani a sama da shi a digiri 23 da rabi arewa, layin Kansa, wani kuma a ƙasa a digiri 23 da rabi kudu, layin Kafirikon. Abin da nake ba ɗalibaina su riƙe layin Kansa da shi shi ne ya ratsa tsakanin Makka da Madina, Makka tana kudu da shi, Madina tana arewa.

Bi layin Kansa da yatsa daga yamma. Zai bi da kai ta Muritaniya, Mali, Aljeriya, ƙuryar arewacin Nijar, Libiya, Masar, ya tsallaka Bahar Maliya ya shiga Saudiyya, ya fita ta Oman, ya faɗa Indiya a gefen hamadar Thar, can kuma ya ratsa Meziko a kudancin hamadun Sonora da Chihuahua. Bi na Kafirikon, zai ratsa Namib da Kalahari, ya ratsa tsakiyar Ostareliya kusa da Alice Springs, ya ratsa Atakama a Chile. Yawancin manyan hamadu masu zafi sun jeru a kan waɗannan layuka biyu, tsakanin digiri 15 da 30.

Ga abin da ya jera su. A ikwaita rana na dukan ƙasa da teku kai tsaye, iska ta yi zafi ta tashi sama ɗauke da tururi. Tana hawa tana yin sanyi, tururin ya dunƙule ya zama hadari, ya zubo a nan. Shi ya sa dazuzzukan Kwango da Amazon da Indonesiya suke inda suke. Iskar da ta rage a sama ta riga ta rabu da ruwanta, sai ta bazu arewa da kudu, ta je ta sauko wajen digiri 30. Iska in tana saukowa matsewa take yi tana ɗumama, kuma hadari ba ya haɗuwa a cikin iska mai saukowa. Saboda haka sararin sama yake zama tas, rana ta yi ta duka. Wannan shi ne dalili na biyu, kuma shi ne mafi girma. Shafa wa waɗannan hamadu ja.

Ɗalibi mai kaifin kai yakan tare ni a nan ya ce, Malam, ai layin Kansa ya bi ta Bangladesh da kudancin Sin, me ya sa su ruwa har ya yi musu yawa? Ina jin daɗin wannan tambaya. Amsar ita ce gabashin nahiyoyi na samun iska mai laima daga teku mai ɗumi, ga kuma iskar damina mai ƙarfi da ke shiga kudancin Asiya daga Tekun Indiya. Don haka ka ƙara wa kanka ƙa'ida: hamadu masu zafi suna karkata ne zuwa yammacin nahiya da tsakiyarta. Duba Afirka ta kudu, Namib a yamma, Mozambik kore a gabas. Duba Amurka ta Kudu, Atakama a yamma, Brazil kore a gabas.

Hamada a bakin teku

Dalili na uku shi ya fi wuyar shiga kai, domin mutum na ganin inda teku yake ai ruwa ba zai yi wuya ba. Amma Namib, wadda ta miƙe kusan kilomita 2,000 daga kudancin Angola ta ratsa Namibiya zuwa Afirka ta Kudu, rairayinta har cikin Atlantika yake gangarawa. Abin da ya faru shi ne akwai igiyar ruwan sanyi mai suna Benguela da ke gudu a gefen gaɓar daga kudu zuwa arewa. Ruwan sanyin na sanyaya iskar da ke kansa, ta yi nauyi ta kwanta, ta kasa tashi balle ta haɗa hadari. Abin da take iya kawowa ƙasa hazo ne mai laima da sassafe. A kan wannan hazo rayuwar Namib ta dogara. Akwai wani ƙwaro a can da ke hawa kan tudun rairayi da asuba, ya sunkuyar da kai ya ɗaga baya, raɓa ta taru a jikinsa ta gangaro masa baki.

Atakama irin wannan ce, ita kuma igiyar Humboldt ce ke bin gaɓarta. Garin Arica a arewacin Chile ba ya samun ko milimita 1 a shekara a matsakaici, kuma a wasu ƙauyukan gaɓar ana kafa raga a kan tudu domin tatsar ruwa daga hazo. Bushewar iskar ce ta sa aka kafa manyan na'urorin hangen taurari a can. Namib da Atakama ba sa cikin goman farko a girma, amma kada ka tsallake su, domin su ne suka fi nuna wannan dalili. Ja kibiya shuɗiya a cikin teku gefen kowace, mai fuskantar arewa. Ja ta uku a gefen Moroko da Muritaniya mai fuskantar kudu, igiyar Kanari ke nan.

Bayan dutse, da nesa da teku

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san katangar gabas ce ke shan ruwa, domin hadari daga gabas yake taso mana, ita ake yi wa yaɓe kafin damina, ta yamma kuwa sau da yawa a bushe take. Haka dogayen duwatsu suke yi wa ƙasa. Iska mai laima ta zo ta ci karo da dutse, dole ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a gefen da ta fito. In ta gangara ɗaya gefen a bushe take. Dalili na huɗu ke nan.

Duwatsun Andis ne suka fi koyar da wannan darasi, saboda suna yin aikin ta fuska biyu. A kudu iska daga yamma take zuwa, daga Tekun Fasifik, don haka kudancin Chile na da ruwa da dazuzzuka, Patagoniya ta Ajantina kuma da ke bayan dutsen ta zama hamada mai sanyi da iska. A arewa kuwa laima daga gabas take zuwa, daga Amazon, sai dutsen ya tare ta, Atakama da ke yamma ta rasa. Ka ga Atakama dalilai uku ne suka taru mata, iska mai saukowa da ruwan sanyi da dutse, shi ya sa ta fi kowace hamada bushewa in aka cire ta ƙanƙara. A Amurka ta Arewa duwatsun Sierra Nevada ne suka tare wa Great Basin da Mojave ruwa. A Mojave ɗin ne Death Valley take, inda aka rubuta zafin digiri 56.7 a Yulin 1913.

Dalili na biyar nisa ne. Iska in ta yi doguwar tafiya a kan tudu takan zubar da ruwanta a hanya. Tsakiyar Asiya ta haɗa nisa da duwatsu. Birnin Urumqi na Sin ya fi kilomita 2,000 daga kowane teku, ga Himalaya da tudun Tibet sun tare iskar damina daga kudu. A nan Gobi take, tsakanin kudancin Mongoliya da arewacin Sin, yawancinta tsakuwa da fako, kuma da hunturu sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Raƙumin can tozo biyu gare shi da gashi mai kauri. Yamma da ita sai Taklamakan, tsantsar rairayi a cikin kwari tsakanin duwatsun Tian Shan da Kunlun, wadda fataken siliki na dā ba sa ratsawa sai dai su bi gefenta na arewa ko na kudu su haɗu a Kashgar. Ƙara yin yamma ka sami tagwaye biyu masu rikita ɗalibai, Karakum da Kyzylkum. Kogin Amu Darya ne ya raba su: Karakum a kudu cikin Turkmenistan, Kyzylkum a arewa cikin Uzbekistan da Kazakhstan. Duk waɗannan shafa musu ruwan ƙasa.

Tsaya a kan Sahara

Sauran hamadu ya isa ka san wuri da dalili. Sahara kuwa tamu ce, ƙurarta muke shaƙa, kuma abin kunya ne a ce ɗalibin Katsina ko Maraɗi ya san ta da suna kawai. Ba ta takarda guda ita kaɗai.

Fara da iyakoki: Atlantika a yamma, duwatsun Atlas da Bahar Rum a arewa, Bahar Maliya a gabas, Sahel a kudu. Jera ƙasashen sahu biyu. Sahun arewa daga yamma: Moroko da Yammacin Sahara, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar. Sahun kudu: Muritaniya, Mali, Nijar, Chadi, Sudan. Najeriya ba ta cikin jerin. Akwai tuddan rairayi a arewacin Yobe, wajen Yusufari, amma ruwan da yankin ke samu na Sahel ne.

Sai ka cire wa kanka tunanin cewa duk rairayi ce. Tekun rairayi, wanda za ka ga an rubuta masa erg a taswira, bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mafi yawanta filin tsakuwa ne da fakon dutse. A tsakiya kuma akwai duwatsu uku da nake so ka zana su a matsayin kusurwa uku: Ahaggar a kudancin Aljeriya, Tibesti a arewacin Chadi, da Abzin a Nijar. A Tibesti ne Emi Koussi yake, tsohon dutse mai aman wuta mai tsayin mita 3,415, wanda ya fi kowane wuri tsawo a Sahara. A tsakanin Abzin da Tibesti sai Tenere, wajen murabba'in kilomita 400,000.

Tenere ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Kantun gishirin Balma, wato Bilma, da ake ajiye wa dabbobi su lasa ta cikinta yake ratsowa. Bayan damina ayarin raƙuman Buzaye kan tashi daga yankin Agadas ɗauke da gero, su yada zango a Fachi, su ƙarasa Bilma, tafiyar kusan kilomita 600, su sauya geron da gishiri da dabino, su juyo, sannan gishirin ya gangaro kasuwannin ƙasar Hausa. Zana wannan hanya da ɗigo-ɗigo. A kanta ne akwai wata bishiya tilo da madugai ke gane hanya da ita, har mota ta buge ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Daga nan gangara kudu maso gabas ka sa alama a kwarin Bodele, arewa maso gabashin Tafkin Chadi. Da hunturu, in ka shigo aji da safe, shafa yatsa a kan tebur ka dubi abin da ya manne. Ƙurar ba ja ba ce irin ta ƙasarmu, fari-fari ce mai laushi sosai. Kaso mai yawa nata daga Bodele yake. Wurin gindin wani babban tafki ne da ya ƙafe, ƙasarsa ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu suka taru. Iskar arewa maso gabas na matsewa tsakanin Tibesti da tudun Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari. Masana na lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma wani ɓangare nata na tsallaka Atlantika har ya sauka a dajin Amazon.

Tafkin da ya ƙafe zai kai ka ga abu na ƙarshe game da Sahara, cewa ba kullum take haka ba. Tsakanin shekaru 11,000 da 5,000 da suka wuce ciyawa ce da tafkuna. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da mutanen wancan zamani suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya fi mita 5. A Tassili n'Ajjer ta Aljeriya akwai zanen makiyaya da garken shanu.

Don ka haɗa Sahara da maƙwabciyarta, ɗora zarenka daga Kano zuwa Jidda. Zai bi ta yankin Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya tsallaka Nilu, kogin da ya ratsa Sahara daga kudu har teku saboda ruwansa daga tuddan Habasha da yankin Tafkin Biktoriya yake zuwa. Bayan Bahar Maliya sai hamadar Larabawa. Raba ta uku: Nafud a arewa, Rub'ul Khali a kudu mai wajen murabba'in kilomita 650,000 na rairayi, da siririn zirin Dahna da ya haɗa su.

Yadda za ka gwada kanka

Rufe littafi, ɗauki sabuwar takarda, ka zana nahiyoyi da layukan nan uku da ka. Kafin ka rubuta sunan ko ɗaya, fara zana dalilan: kibiyoyin ruwan sanyi, sannan Andis, Sierra Nevada, Himalaya da Atlas. Sai ka shafa kala inda kake ganin ruwa zai yi wuya. Sunaye su zo a ƙarshe. A kan kowace ka amsa tambaya uku da baki: a waɗanne ƙasashe take, me ya hana ta ruwa, mai zafi ce ko mai sanyi. Inda ka kakare, buɗe littafi ka duba wannan kaɗai, ka sake rufewa. Maimaita washegari, sannan bayan sati, sannan bayan wata.

In kuna da yawa ya fi daɗi. Ɗaya ya ce, "Ina kan layin Kafirikon, babu ruwan sanyi a gefena, wani kogi ya shigo cikina ya ƙare bai kai teku ba." Amsa Kalahari, kogin kuma Okavango ne a Botswana. Kalahari ma tana da abin lura, domin arewacinta na samun ruwa fiye da milimita 250, sai dai rairayin na shanye shi nan take, shi ya sa za ka ga ciyawa da bishiyoyi a hotunanta. Wani ya ce, "Jama'a sun fi cunkoso a cikina fiye da kowace hamada, ƙasa biyu suka raba ni." Amsa Thar, tsakanin Indiya da Pakistan. Ostareliya kuwa kada ka wahalar da kanka da iyakar kowace. Riƙe Great Victoria a kudu, Great Sandy a arewa maso yamma, Gibson a tsakaninsu, Simpson a gabas.

Ranar da kake da data, buɗe Google Earth ka kashe sunaye da iyakoki, ka juya duniyar a hankali. Zirin rawaya daga Muritaniya har Pakistan zai fito maka da kansa. Matsa kusa da gaɓar Namibiya ka ga inda jan rairayi ya haɗu da teku, sannan ka koma Masar ka bi koren zirin Nilu daga Aswan zuwa Alƙahira, ka auna faɗinsa da ma'aunin da ke cikin manhajar. A wurare da dama bai kai kilomita 20 ba. Daga nan ka sa yatsa a Kano ka yi arewa sannu a hankali ta Daura da Damagaram da Tanut, ka yi alama inda kake ganin gonaki sun ƙare, ka gwada ta da inda ka ja iyakar Sahara a takardarka.